Kuɗin Hanyar Gida

Harobanda, Yamai, Talata da hantsi

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da aiki, sannu da baƙunci. Ina fatan Gure ta karɓe ki da hannu biyu, ruwanta bai ɓata miki ciki ba, mutanen gidan da kika sauka kuma suna lafiya. Allah ya tsare ki zaune da tafe, ya kiyaye ki a kan hanyoyin rairayin nan da kuke bi zuwa duba rijiyoyin ƙauye, ya haɗa ki da mutanen kirki. Mu nan lafiya lau. Innarki na gaishe ki, ko da yake ba ta san abin da nake rubutawa ba, tana tsammanin takardun fansho nake cikawa.

Na san za ki ce, Baba kuma, ga waya, mene ne na wasiƙa? To, a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Da na ce “Mamana, ji nan,” sai ki ce “Baba, na gane,” alhali ko fara maganar ban yi ba. Haka kike tun kina aji biyu. Don haka na nemi takarda, ki samu wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe, in kin ga dama ki yi fushi daga baya.

Ranar Juma’a ina zaune bakin ƙofa na ji hirarku da innarki. Ba laɓe na yi ba, kin san wayarta, har maƙwabta suna jin abin da ake faɗa mata. Na ji kin ce kin yi magana da yayan ƙawarki mai kanti a Kalley, zai kawo wa innarki firigo na sanyaya ruwa, ni kuma ya samo mini moto, babur ɗin hawa, duka bashi, a biya shi ranar da rapel ɗinki ya fito, wato albashin watannin nan da kike aiki ba a biya ki ba, wanda za a tara a ba ki a dunƙule idan lambarki ta aiki ta fito. Sannan na ji kin ce hutun ƙarshen shekara ba za ki samu zuwa ba, babu kuɗin mota, sai wata shekara. Innarki ta ji firigo, ta yini tana auna kusurwar ɗaki da taku. Ni kuwa maganar ƙarshen ce ta tsaya mini a rai. Wata bakwai ke nan ban ga fuskarki ba, kuma ina kewarki, Mamana, ba zan ɓoye miki ba. Ina tsoron ki ɗaure kanki da bashi saboda mu, har hanyar gida ta gagare ki.

Ni ma na taɓa jiran rapel. Na zo Yamai daga Damagaram da akwatin ƙarfe guda da takardar gama makarantar horon malamai, aka ba ni aji a wata lekol a Kalley. Wata goma sha ɗaya ina shiga aji ina fita, ko dala ba a ba ni ba. Na kama ɗaki a gidan su Hamani, abokin aikina Bazabarme, wanda kika sani da Baba Hamani mai kawo muku mangwaro daga garkarsa. Ba don tuwon gidansu ba, da ban san yadda zan yi ba. To, akwai wani ɗan kasuwa kusa da Babbar Kasuwa, Alhaji Mani, Allah ya jiƙansa, wanda duk sababbin ma’aikata suka sani. Ranar da na fara shiga kantinsa, sabulu kawai na je saye. Ya dube ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman lekol, ya ce, “Mushe, ai kai mutumin gwamnati ne, kuɗinka na can kwance suna jiranka. Ɗauki abin da kake so.” Ya jawo wani ƙaramin karne, littafin bashi mai shuɗin bango, ya rubuta sunana a saman shafi.

Da farko shinkafa ce da sukari da kananzir, wannan kam dole ce. Daga nan sai takalmi, don wai malami ba ya shiga aji da silifa. Sai kwat, a zafin Yamai, ki ji fa. Sai rediyo mai kaset. Ƙarshenta ya haɗa ni da ƙanensa aka ba ni mobilet, ɗan ƙaramin babur. Duk wannan ban taɓa tambayar farashi ba, ko sau ɗaya. Kunya nake ji, wai kada a ce Mushe yana ciniki kamar mai sayen tumatir. In na ɗauki kaya sai in ce “Alhaji, rubuta,” in fita ina jin kaina.

Ranar da rapel ya fito, a hannu ake biya a lokacin, cikin ambulan. Na fito daga biron mai biya, wato ofishinsa, ban taɓa riƙe kuɗi masu yawan haka ba. Sai ga Alhaji Mani zaune a kan benci bakin ƙofa, da karne a cinya. Ya riga ni sanin ranar. Ya ce, “Barka da arziki, Mushe.” Muka koma gindin wata bishiya, yana karantawa ina miƙawa. Bai zalunce ni ba a lissafi, abin da ya rubuta shi ya karɓa, sai dai kowane abu ya fi kuɗin kasuwa nesa ba kusa ba, kuma ba ni da bakin magana tunda ban tambaya ba. Bayan shi ga kuɗin ɗaki, ga mai wanki, ga mai shayi. Abin da ya rage bai kai ni ƙarshen wata ba. Na yi wa mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, alkawarin zan rufa mata ɗaki da kwano da kuɗin nan. Na rubuta mata na ce an samu jinkiri. Ƙarya na yi mata, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Saboda haka ga abin da nake so ki ji. Kuɗin da ba su shigo hannunki ba, kada ki yi ciniki da su, ko da an nuna miki takardarsu da hatimi. Mai ba da kaya bashi ba ƙaunarki yake yi ba, jiran da zai yi ya riga ya sa shi a cikin farashi. In ya zama dole ki karɓi abinci bashi kafin albashi ya fara, ki tambayi kuɗin kowane abu a gabansa, ki rubuta a naki littafin, ba nasa kaɗai ba. Ɗan abin da nake aiko miki daga fansho kuma ki daina jin nauyinsa, ba bashi ba ne, ban rubuta shi ko’ina ba. Idan rapel ya zo, kada ki faɗa wa kowa sai ya yi mako guda a hannunki, har da innarki, don ita in ta ji, Harobanda ta ji. A makon nan zumuɗi zai kwanta, ki zauna da biro da takarda ki raba shi da hankalinki.

Yanzu ga labarin da ban taɓa ba ki ba. Innarki ta sani, Baba Hamani ya sani, sai ke yau.

Shekara ta zagayo, albashi ya fara zuwa kowane wata, amma hannuna ya riga ya saba da karnen Alhaji. Albashi ya shigo, in biya na baya, in buɗe sabon shafi. Wata rana ina tsakiyar darasi, wani direban motar Damagaram da ya san gidanmu ya tsaya a bakin taga ya yafuto ni. Ya ce, “Mushe Idi, an ce ka zo. Jikin tsohuwa ya yi tsanani.” Wata ya yi kwana ashirin. Na shafa aljihu, abin da ke ciki bai wuce kuɗin ƙosai ba. Direban da yammar nan zai juya, motar kuma ba tasa ba ce, ba ya iya ɗaukar mutum kyauta.

Na ruga wajen Alhaji Mani. Ya saurare ni, ya yi wa tsohuwa addu’a, ya ce, “Mushe, ni kaya nake bayarwa, ba kuɗi ba.” Na zaga wurin abokan aiki, kowa irina ne, kowa yana jiran ƙarshen wata. Washegari na tura mobilet kasuwar Katako in sayar. Masu saye suka ga idona, suka san a matse nake, suka taya ta kashi ɗaya cikin ukun kuɗinta. Abin da suka taya ya isa ya kai ni gida ya dawo da ni. Na ƙi. Na ce raini ne, gobe zan samu wanda ya fi. Wallahi, Mamana, na tsaya a tsakiyar Katako ina jayayya a kan kuɗin mobilet, uwata tana kwance tana jirana. Da gobe ta yi ban samu ko na jiya ba.

A rana ta uku Hamani ya shigo ɗakina ya ajiye kuɗi a kan tabarma. Kwasar adashin mahaifiyarsa ce, ya je ya roƙe ta. Ya ce, “Idi, tashi ka tafi. Kala suru.” Wato sai haƙuri, da Zabarmanci. A lokacin tafiyar kwana biyu ce, hanya ba ta da kyau, mota ta tsaya nan ta tsaya can. Da na shigo layinmu na hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, maza zaune a jere. Ban tambayi kowa ba. Ashe kwana guda kafin isowata, da azahar, aka kai ta makwanci. Da na shiga ciki, gwaggonki ta ce mini tun ranar da aka aika, duk motar da ta ji ta tsaya a bakin titi sai ta ce, “Ku duba, ko Idi ne.” Na shiga ɗakinta na zauna. Rufin yana nan yadda na bar shi, na ƙasa, da kwanon da take tarar yoyo a kusurwa.

Na san kwananta ne ya ƙare, zuwana ba zai ƙara mata ko sa’a guda ba. Amma da na ajiye kuɗin mota, da ta gan ni, da na roƙi gafararta baki da baki. Shekara kusan arba’in ke nan, ban daina ƙirga kwana ukun nan ba. Da aka haife ki na sa miki sunanta, na kasa kiran sunan, sai Mamana.

To ga shi, kuma in kin manta duk sauran wasiƙar kada ki manta wannan. Duk wanda aiki ya kai shi nesa da gida, kuɗi na farko da zai ware su ne kuɗin hanya. Zuwa da dawowa, da na abinci a hanya, da ɗan abin da za a riƙe idan an iso. Kafin firigo, kafin moto, kafin sabon zane. Ki sa su a ambulan ki liƙe, ki sa a ƙasan akwati. Kada ki bar su a cikin waya, kuɗin waya ba sa kwana, yau ki sayi kiredi na kira, gobe ƙawa ta ce ki tura mata jika biyu zuwa jibi. Kada ki ƙirga su cikin abin da kike da shi. In wata ya yi nisa kin rasa na miya, ki ci garau-garau, ambulan ɗin nan ba ta san da ke ba. Idan kin buɗe ta kin yi tafiya, albashin da ya biyo baya ki fara cika ta kafin komai. Ba don mutuwa kaɗai ba, Allah ya sa mu yi nisan kwana. Wata rana kewa ce kawai za ta taso miki, ki ji kina son ki ga gida. Ki zama mai iya tashi ki taho ba tare da kin roƙi kowa ba.

Za ki yi tsammanin daga nan na yi hankali. Na yi, amma rabi. Ambulan kam ban sake rabuwa da ita ba. Sai dai wata cutar ta kama ni bayan na auri innarki, cutar idon mutane. Kin san yadda ake layya a Yamai, a feɗe raguna a banƙare su a jikin itace a gicciye, a jera su kewaye da wuta a bakin titi, kowa ya wuce ya ga na kowa. Muna haya a lokacin, maƙwabcinmu ma’aikacin duwan ne, wato kwastan, raguna uku yake kafawa, kowanne kamar ɗan maraƙi. Ni kuma nawa in an kafa shi kusa da nasa sai in ji kamar ni aka banƙare. Sai aka zo mana lekol da tsarin ɗaukar rago bashi, a riƙa cira daga albashi wata-wata. Na zaɓi wani ƙato mai ƙaho murɗaɗɗe, na sa hannu wata goma. Ranar Salla na tsaya kusa da shi ina gyara wuta, ina amsa “barka da Salla” kamar wani attajiri.

Wata huɗu bayan nan, na kawo albashi gida da giɓinsa, ga yayanki ba lafiya, ga kuɗin magani. Innarki ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta ce, “Malam, ragon nan mun cinye shi a wata guda, shi kuwa ga shi yana cin mu har yanzu.” Na yi fushi na fita, don gaskiya ta faɗa. Kafin in gama biya, an fara maganar wata layyar. Kuma kin san abin haushi? Shekara uku a jere na yi haka. Maƙwabcin nan da nake yi dominsa, na tabbata ko sau ɗaya bai kalli ragona ba.

Ke ba rago ne zai kama ki ba, naki daban ne. Inifom ɗin biki, wannan ƙawa ta fitar da zane, waccan ta fitar da leshi, kuma a ce duk wadda ba ta ɗinka ba ba ta da zumunci. Gudummawar suna. Sabuwar waya don ta abokiyar aiki ta fi taki. Sannan dangi. Tun ranar da aka ji kin kama aiki, sunanki ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa tambayar ajinki nawa ba. Za su kira, wasu da buƙata ta gaskiya, wasu don sun ji an ce akwai. Ban ce ki rufe hannu ba, Allah ya kiyaye, mu ma da taimakon mutane muka tashi. Na ce ki yanke tun farkon wata nawa ne rabon dangi da biki, gwargwadon ƙarfinki. In ya ƙare, ya ƙare. Ki koyi cewa, “Wallahi wannan watan ban da shi, sai dai wani,” da fara’a, ba tare da dogon bayani ba. Za a ce kin yi rowa. An faɗa wa innarki haka shekara da shekaru, kuma waɗanda suka faɗa ɗin wurinta suke zuwa idan ta ɓaci. Wannan dokar har da mu a ciki. In na kira ki na ce ki turo, rabon ya riga ya ƙare, ki faɗa mini haka nan.

Saura ɗaya, ita ma ta ban kunya ce. Lokacin da za mu gina gidan nan, na je banki neman rance. Yaron da ke biron ya yi mini fara’a, ya ba ni kujera mai laushi, ya ce abin da za a riƙa cira kowane wata kaɗan ne, ba zan ma ji ba. Na tambayi na wata, ban tambayi na duka ba. Ya miƙo takardu shafi shida, na sa hannu a inda ya nuna da yatsa. Ni fa, da na shekara talatin ina koya wa ƴaƴan mutane lissafi, ina dukan tebur ina cewa a karanta tambaya kafin a ba da amsa. Sai da aka yi shekara biyu na zauna na ninka abin da ake cira da yawan watanni, na ga abin da zan mayar ya ɗara abin da na karɓa da kuɗin ɗaki guda cur. Ga kuma nauyin kuɗin ruwan da ke kai, wanda bai bar zuciyata ta kwanta ba sai da na gama. Ke ma da lambarki ta fito za su neme ki, har da kiran waya da gaisuwa. Ki tambaya, gaba ɗaya nawa zan mayar? Ki ce a ba ki takardar ki je gida da ita. Wanda ya hana ki tafiya da takarda, ki bar masa abarsa. Maganar ruwa kuma ki tambayi malamai kafin ki shiga, ba bayan kin shiga ba. Kuma kada ki sa hannu ki tsaya wa wani a kan rancensa, ko da tare kuke cin abinci a kwano ɗaya, sai in kin shirya biya a madadinsa.

Gaskiyar magana, filin gidan nan ba ni na saya ba. Innarki ce, da adashi da kuɗin ƙosan da take soyawa a ƙofar gidan haya. Ba ta yi lekol ba, amma ranar da na kawo albashi sai ta baje shi a kan tabarma ta kasa shi. Na hatsi da haya, na magani, na dangi, sannan daga kowace jika goma ta zare ɗaya ta ce wannan ba tamu ba ce, ta gobe ce. Tana zarewa ne tun farko, ba ta jira ta ga abin da zai rage, don ta san ba abin da ke ragewa. Ni ina yi mata dariya ina cewa ministar kuɗi. Ki yi yadda take yi. In za ki shiga adashi, ki shiga da mutanen da kika san gidajensu, kuma zubin ya zama wanda ba zai hana ki cin abinci ba. Ki samu wata guda ki rubuta duk abin da kika kashe, har kuɗin kabu-kabu da na waya, za ki sha mamakin inda suke zurarewa.

Yanzu maganar firigo da moto. Ban je Kalley na soke cinikin a bayan idonki ba, ko da yake ƙafata ta yi ƙaiƙayi. Ke kika ƙulla, ke za ki kwance, ke ba yarinya ba ce. Ina roƙonki ne ki kira yayan ƙawar nan taki ki ce ya dakata. Kada ki zaci ba na so. Ina son moto, Mamana. Gwiwoyin nan sun fara ba ni labari, kuma tsayuwar jiran motar faba-faba a bakin gada cikin rana ba daɗi. Da na ji kin ambace ta sai da na ga kaina a kai. Innarki kuma za ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana idan ta ji ni na hana, na shirya wa wannan. Idan rapel ya zo, kin cika ambulan, kin biya abin da kika ci, kin ware na gobe, in akwai saura ki zo da kanki ku je kasuwa ke da ita, ku yi ciniki da kuɗi a hannu, ku sayi ƙarami wanda kuran ɗin gidan nan, wutar lantarkinmu, zai iya ɗauka. Randa ba ta fashe ba, muna shan ruwan sanyi.

Mun gane abin da kike son yi. Kina son ki nuna mana wahalar da aka sha a kanki ba ta faɗi ƙasa ba. Mun gani tun ranar da kika shigo da takardar gama jami’a kika durƙusa kika miƙa mini ita da hannu biyu. Ba sai kin ƙara da kaya ba. Gidan nan ba kaya ya rasa ba. Da la’asar, lokacin da kike dawowa daga karatu a ƙafa, ki jefar da jaka ki buɗe tukunya kafin ki yi sallama, har yanzu in lokacin ya yi sai in ga ina duban ƙofa. Innarki in ta kwaɗa ganyen kopto sai ta yi na mutum uku, sannan ta tsaya tana faɗa wai hannunta ne ya zarce. Babu mai gardama da ni a kan labaran rediyo. Nakan faɗi abin da na san ba daidai ba ne don a musa mini, ba wanda ya kula.

Bari in faɗa miki wani abu, kada ki yi mini dariya. Duk farkon wata in na haye gada na karɓo fansho, sai in bi ta tashar motocin gabas in tsaya gaban tagar masu tikiti in tambayi kuɗin Gure zuwa Yamai, don in san ko an ƙara. Mai sayar da tikitin har ya gane ni. Jiya da na je ya ce, “Baba, kullum sai tambaya, yaushe za ka yi tafiyar nan ne?” Na ce masa ba ni zan je ba, wata ce za ta zo. Ya ce, “Yaushe?” Na matsa gefe na ba mutanen da ke jira a bayana wuri. Kuɗin tikitin dai ba a ƙara ba tukuna. Na rubuta miki adadin a bayan takardar nan, zuwa da dawowa.

Allah ya yi miki albarka, Mamana. Ya sa albarka a cikin ɗan abin da za ki samu, ya raba ki da bashi da idon mutane, ya tsare mutuncinki a inda ba mu gani. Ki gaida mutanen gidan da kike, ki ce mun gode da riƙo. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki daina tafiya ƙauye ba ruwa a jaka. Allah ya kiyaye hanya, ya kawo mana ke lafiya tun ina da ƙafar zuwa tasha in tarbe ki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Idi